Gadon ɗinkin bargo: yadda na haɗa nawa, da yadda nake ɗaure ƙyalle a kansa

Sanyin Maradi ba ya daɗewa, amma daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, mu da ke zaune a gangaren Gulbi mun san abin da asuba take yi wa ƙashi. Shi ya sa tun ana girbin gero nake fito da buhun ƙyallaye. Duk mai keken ɗinki ta san buhun nan da ke jingine bayan ƙofa: guntayen atamfa, shadda, yadin kayan makaranta, waɗanda ba su isa riga ba, zuciya kuma ba ta yarda a zubar da su ba. Da su nake haɗa bargo mai hawa uku, fuska a sama, ciko a tsakiya, shafi a ƙasa.

Haɗa fuskar ba wuya, keke ne ke yi. Inda aikin yake shi ne ɗinke hawa ukun nan da hannu ba tare da ɗaya ya zame ya bar sauran ba. Bargona na farko a cinya na ɗinka shi, ina zaune kan tabarma, wajen sati shida. Ta sama ya yi kyau. Da na juya shi sai na tarar shafin ya tattare wuri-wuri, wani wajen ma ya ninku na bi ta kan ninkin na ɗinke ban sani ba. Cikin kayan ɗakin ɗiyata za a sa shi, don haka raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana uku na yi ina farke zare da reza.

A lokacin ne ƙanwata ta nuna mini wani bidiyo a waya, matan wata al'umma da ake kira Amish a jihar Pensilbaniya ta Amurka sun kewaye wasu sanduna huɗu da aka shimfiɗa bargo a tsakaninsu, kowace da allurarta. Da na nuna wa Inna sai ta ce, "Ai wannan aikin lifidi ne, ƴar nan." Kuma gaskiyarta. Wanda ya taɓa ganin ƴan lifidi a hawan salla a ƙasar Hausa ya ga ƙyalle biyu da ciko a tsakaninsu an bi su da ɗinki, tun zamanin da ake sa wa doki da mahayinsa don kariya daga kibiya. Ɗinkin namu ne tun tuni. Sandunan ne kawai ban taɓa gani a gidanmu ba.

Na je wajen kafinta da zane a bayan takardar siminti. Ya duba, ya ce, "Hajiya, gado ne za a yi miki babu ƙafafu?" Na ce, "Malam, kusan haka ne." Tun ranar muke ce masa gadon ɗinki.

Sanda huɗu ne. Biyu dogaye, a kansu ake naɗe bargon, biyu gajeru, su ke riƙe tazarar da ke tsakanin dogayen. Dogayen su ɗara faɗin bargon da kamar santi 40. Ni bargunana faɗin santi 180 ne, tsawo 220, irin na gadon mutum biyu, don haka na sa aka yanka mini mita 2 da santi 20. Ki ce a yi su masu kusurwa huɗu daidai, santi 5 ta kowane gefe. Na fara da falle, mai faɗi a gefe ɗaya, sai na ga idan na zo naɗi dole in juya shi rabin zagaye, ko bargon ya yi sako-sako ko ya ɗame fiye da kima. Mai kusurwa huɗu kuwa, idan aka huda shi ta fuska biyu a kowane ƙarshe, hudar ta gicciye juna, kina iya juya shi kaɗan-kaɗan ki tsaya inda kike so.

Gajerun mita ɗaya ɗaya, faɗin santi 6, kaurin santi 3. A jera musu huda a tsakiya, santi 5 tsakanin kowace da ta kusa da ita. Ki tsaya a kan kafinta ya ɗora su biyun a kan juna ya huda su tare. In aka huda su daban-daban, bambancin rabin santi ya isa ya karkatar da gadon, kuma karkacewar a jikin bargo za ta fito.

Maganar katakon kanta zan daɗe a kai, don nan na yi asara. Sandunan farko da aka yi mini ɗanyen katako ne, ban sani ba. Suna shiga iskar hunturu, kafin sati biyu ɗaya ta kantare kamar baka, tsakiyar bargon ta yi lako-lako, gefe da gefe kuma a ɗame. Babu dabarar ɗauri da za ta gyara sandar da ta kantare. Ki nemi busasshen katako, wanda ya daɗe a jingine a shago. Ki ɗaga sandar ki sa ido ɗaya a ƙarshenta ki hango ɗaya ƙarshen, ko ki kwantar da ita a daɓen siminti ki juya ta fuska huɗu. Idan haske na wucewa ta ƙarƙashinta, ki bar musu abinsu. Jan katako ya fi ƙarfi, gara ma ba ta cika saurin kama shi ba, amma akwai wanda ke zubar da launi idan ya ji danshi. Farin ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, shi nake amfani da shi yanzu. Kowanne kika ɗauka, a goge shi da sanfefa har sai kin bi shi da tsohon ɗankwali mai santsi bai kama zare ko ɗaya ba. Kada a shafa masa baƙin mai don gudun gara, zai ɓata miki ƙyalle.

Kusurwa huɗun da noti nake ɗaure su: kaurin mili 8, tsawon santi 12, da kai mai kunne biyu wanda ake murzawa da yatsa, da washa sama da ƙasa don kada ƙarfen ya ci katakon. Ana samun su a shagunan kayan gini. Wadda ba ta samu ba tana iya ɗaurewa da robar cikin taya, irin wadda ƴan kabu-kabu ke ɗaure kaya da ita. Tana riƙewa sosai, sai dai zafi na busar da ita ta tsinke ba sallama, kuma tana barin baƙi a duk ƙyallen da ta taɓa.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci a jikin gadon, wanda kafinta ba zai yi miki ba. Ba a kafa bargo a jikin katako da ƙusa. Ana kafa wa sandar wani ƙyalle mai ƙarfi, a kansa ake ɗinke bargon. Ni ina ce masa leɓe. Ki yanko yadin kaki, ko ƙafar tsohon wandon jins daga kayan bosho, faɗin santi 15, tsawonsa ya kai faɗin bargon ya ɗan wuce. Ki ninka shi biyu ki bi da keke. Sai ki ja miƙaƙƙen layi da fensir a jikin sandar daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ki ɗora bakin leɓen a kan layin, ki kafa da ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai, irin na masu gyaran kujera, yatsa uku tsakanin ƙusa da ƙusa. Ɓangaren da aka ninka ya rage yana lilo, kamar santi 5. Ki buga kawunan ƙusoshin su nutse sarai, ki shafa da yatsa ki tabbatar. Daga nan ki auna tsakiyar kowace doguwar sanda, ki ja layi da biro a kan katakon da kan leɓen. Wannan ƴar alamar ita ce za ta hana bargonki karkacewa.

Tsayin gadon ya danganta da yadda kike zama. Ni a kujerar tsakar gida nake aiki, don haka tubalin siminti biyu nake ɗorawa a kan juna a kowace kusurwa, in shimfiɗa tsumma a kai. Tsayin ya kan kai santi 40, da kaurin katakon ya kusa 50, gwiwata na shiga ƙasa, hannun hagu na yawo ba takura. Benci biyu masu tsayi ɗaya ma sun yi. Mai zama a doguwar kujera tana bukatar santi 70 zuwa 75. Gajerun sanduna su ke ƙasa, dogaye a kansu, notin ya shigo ta ƙasa, mai kunnen yana sama. Ki matsar da tubalin ciki kaɗan yadda kan notin ba zai zauna a kansa ba, in ba haka ba gadon zai riƙa rawa.

Kafin ƙyalle ya hau, a wanke komai. Sabuwar atamfa cike take da sitaci, tana shan ruwa ta ja jiki, kuma ba daidai take ja da shadda ko farin yadi ba. A wanke, a shanya a inuwa, a goge. Shafin ya fi fuskar girma da santi 10 ta kowane gefe, cikon ma haka. Atamfa faɗinta bai wuce mita ɗaya da ƴan kai ba, dole ki haɗa falle biyu. Ki yanke bakin masaƙa kafin ki haɗa, saƙarsa ta fi ta jiki tsauri, shi ne ke tattare ɗinki bayan wanki. Bakin shafin kuma yage shi za ki yi. Almakashi na bin hannunki, yagewa kuwa zaren saƙa take bi, ita ce ke ba da miƙaƙƙen baki.

Ciko iri uku na gwada. Tsohon bargo mara kauri na bosho shi ya fi sauƙi, don a dunƙule yake, ba ya yawo. Auduga da aka gurza aka shiɓe ta fi ɗumi da taushi, allura na ratsa ta kamar man shanu, amma tana son layukan ɗinki kusa-kusa, kada tazara ta wuce yatsa uku, in ba haka ba wanki biyu za ta dunƙule ta koma curi-curi. Audugar rimi ki bar ta wa matashin kai. Santsi gare ta, ba ta kwanciya falle, tana gudu daga ƙarƙashin allura.

A share ɗaki tas. Shafi a ƙasa, kyakkyawar fuskarsa na kallon daɓe, ki danne kusurwoyinsa da dutsen guga ko tubali. Ciko a kai, sannan fuskar tana kallon sama. Ki sa gwiwa ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki. Sai ɗinkin riƙo, wanda za a zare daga baya: doguwar allura, farin zare mai araha, manyan taku kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. Ki fara da gicciye daga tsakiya zuwa gefe huɗu, sannan layuka tsaye da kwance, taƙi ɗaya tsakaninsu. Kada ki yi shi da jan zare ko baƙi, yana barin launi a farin ƙyalle. Wannan aikin na cin yini guda, baya na ciwo, kuma na san waɗanda ke tsallake shi. Ni ba na tsallakewa.

Wajen ɗorawa ki nemi mutum na biyu. Ki ninka kan shafin biyu ki sami tsakiyarsa, ki haɗa da alamar biron da ke kan leɓe, ki soka fil. Daga wannan fil ɗin ki ɗinke shafin a jikin leɓen zuwa dama, ki dawo tsakiya ki ɗinke zuwa hagu, da zare mai ƙarfi riɓi biyu, takun ya fi na ɗinkin riƙo ƙanana. Kada ki fara daga wani ƙarshe ki bi zuwa wancan, hannu na jan ƙyalle kaɗan-kaɗan ba ki sani ba, kafin ki kai ƙarshe ya wuce da yatsa biyu. Shafin kaɗai ake ɗinkewa a leɓe, rarar santi 10 ɗin nan amfaninta ke nan. Haka za ki yi wa ɗaya kan a ɗaya sandar.

Sai naɗi. Ke a wannan ƙarshen sandar, abokiyar aikinki a wancan, ku juya tare, bargon yana fitowa ta saman sandar. Kowane juyi ɗaya ku tsaya, ku sa hannu ta ƙasa ku shafe shafin, don shi ne yake ciki, shi ne ke son ninkuwa. Ni da ƙanwata muke yi, kuma kullum sai na ce, "Tsaya, ba mu zo daidai ba," ita kuma ta ce, "Yaya, ke ce kika riga ni." Ku naɗe ta kowane ɓangare har tsakiyar bargon ta rage a buɗe, kamar santi 60. Kada ya wuce haka. Hannu ba ya aiki mai kyau a abin da ya wuce santi 30 daga ƙirji, rabin ki yi daga wannan gefe, rabin ki zagaya. Ku sa noti, kada ku ƙarasa murzawa tukuna. Ki ɗauki igiya ki auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke gicciye da ita, ki auna ɗaya gicciyen. In sun zo ɗaya, gadon ya zauna daidai, sai ku murza.

Nan ne kusan kowa ke kuskure, ni ma na yi. Da mutum ya ga katako da noti sai ya ɗauka ɗamewa ake so, kamar yadda ake kafe fatar jar akuya a shanya. Ba haka ba ne. Aikin gadon ya riƙe hawa ukun a kwance su zauna tare. Idan kika ɗame bargo kamar fatar kalangu, allura ba za ta lanƙwaso ta dawo sama ba, sai ki soka ta ƙasa ki sake sokowa ta sama, taku ɗaya aiki biyu, yatsu su yi ƙanta. Abin da ya fi wannan muni, guntayen fuskar ba ɗaya suke miƙewa ba. Wanda aka yanka a karkace yana biyo ja, wanda aka yanka a miƙe yana tsayawa. Ki ɗinke su a haka, ranar da kika sauke bargon kowanne ya koma yadda yake, sai ki ga tudu da kwari. Yadda nake gwadawa: in ɗora tafin hannu a tsakiya ba tare da na danna ba. Ya kamata ya nutsa kamar kaurin yatsa biyu, in na ɗauke ya dawo a hankali. In na ɗan buga shi da yatsa na ji yana amsawa, na san ya yi yawa, sai in mayar da notin huda ɗaya baya. Sannan in durƙusa in leƙa ƙasa da tocila. Shafin ya kasance sumul, babu ninki, babu jaka mai reto.

Saura gefe biyun da ke fuskantar gajerun sanduna, waɗanda babu abin da ke riƙe da su. Ki yago tsohon zane siri-siri, faɗin santi 3, tsawon mita 3 ko 4. Ki ɗaura kansa a gajeriyar sanda, ki kawo shi bakin bargon ki soke da fil mai kulle, ki mayar ki zagaya sandar, ki sake kawowa, haka har ki kai ɗaya ƙarshen, yatsa biyar ko shida tsakanin fil da fil. Fil ɗin ya kama shafi da ciko, a cikin rarar da za a yanke daga baya. Ki ja daidai yadda bakin zai miƙe kurum. Idan kika ga bakin bargon ya yi haƙora, ya fito inda fil yake ya shige a tsakani, kin ja da yawa. Ki yi gefe ɗaya sama-sama, ki yi ɗayan, sannan ki dawo ki daidaita. Da maƙalan shanya na taɓa gwadawa, suna zamewa.

Ɗinkin kansa daga tsakiya ake fara shi a yi waje. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, a goga masa kakin zuma don kada ya riƙa ƙullewa. Ƙullin farko ki fizge shi ya shige cikin ciko ya ɓuya. Hannun hagu a ƙasa yana jin bakin allura, na dama na tura ta da hular yatsa ta ƙarfe, taku uku ko huɗu a loda kafin a zare. Idan wurin da ke buɗe ya ƙare, ki cire fil ɗin gefe duka, ki kwance noti, ki naɗe wanda kika gama, ki warware sabo, ki sake gwajin tafin hannu da na tocila. Kowane naɗi sai an sake su. Bargo ɗaya na kai ni naɗi shida ko bakwai.

Ranar da na yi gayya, mu huɗu ke zama, biyu ta nan biyu ta can, abin da zai ci mini sati sai ya ƙare a kwana biyu. Sharaɗina ɗaya, kwanon fura ba ya hawa kan gado, yara kuma ba sa jingina da shi.

Idan kin tashi aiki da yamma, ki sassauta noti huda ɗaya, ki lulluɓe gadon da tsohon zanen gado. Ƙurar hunturu ba ta jin ƙofa, dare ɗaya sai farin zare ya koma ja. Kada ki bar allura a soke a jiki. In aikin ya kai ki damina, ki zare fil duka duk ranar da ba za ki zauna ba, tsatsarsu ba ta fita a wanki. A inuwa ake kafa gadon, ƙarƙashin rumfa ko cikin ɗaki, domin ranar Maradi na cinye launin ɓangaren da ke buɗe ta bar wanda ke naɗe, bargo ya fito kala biyu.

Don bargon jariri ba na kafa wannan duka. Ina da ƙarami na bututun roba na famfo, guda huɗu na santi 50 da gwiwar famfo huɗu masu haɗa kusurwoyi. Maƙalansa daga bututun na yanko, guntaye masu tsawon taƙi, aka tsaga su a tsaye aka cire kamar kashi ɗaya cikin uku, aka goge bakin. Ana ɗora ƙyallen, a sa ɗan tsumma a kai, a danna maƙalin ya kama. In an murza shi waje ya ƙara ja, in an murza ciki ya sassauta. Yana da daɗin ɗauka, sai dai bututun roba ba ya jure tsawo, in ya wuce haka sai ya lanƙwashe, balle a zafin Afrilu.

Idan layin ƙarshe ya ƙare, ki farke zaren da ya haɗa shafi da leɓe, kada ki yanka leɓen, zai yi miki barguna da yawa. Ki zare ɗinkin riƙo, ki daidaita baki da almakashi, ki kewaye shi da ƙyalle mai duhu wanda zai jure dauɗa. Notin da washa ina zuba su a gwangwanin madara in ɗiga musu man keke in rufe. Sandunan kuma ba na jingine su a bango, jingina na kantarar da su, ƙasa kuma ta gara ce. Ina ɗaure su huɗun wuri guda da tsumma a wuri uku, in kwantar da su a saman sif, leɓen yana ciki, sai wata kakar.